Yadda ake mayar da Golf 3 mai noti biyar, a sa mata dis a baya

Masu Golf 3 kan zo gareji da buƙata guda biyu a tare: a mayar musu da ƙafar motar daga noti huɗu zuwa biyar don su ɗaura rim mai kyau, sannan a cire dorom ɗin baya a sa dis. Aikin yana yiwuwa, kuma ba sai an yi walda ko an huda komai ba, domin Volkswagen da kanta ta fitar da wannan mota, daga 1991 zuwa 1997, da ƙafa iri biyu. Ƙananan injina suna da noti huɗu a da'irar milimita 100, ita kuwa VR6 da yawancin GTI noti biyar ne a da'irar 100 ɗin. Sharaɗina ɗaya ne: kayan duka su fito daga jikin mota guda. In ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, nemi wanda ya yanka VR6 ko GTI mai noti biyar, ka saye gaba da baya gaba ɗaya. Tsince-tsince, kalifa (mai matse dis ɗin birki) daga nan, shaf daga can, shi ke sa mota ta yi wata guda a kan jak.

Gaba ya fi cin kuɗi. Hob, wato inda taya ke ɗauruwa, shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka haɗa da gidan boris ɗin da yake ciki, da hannuwan ƙasa da bol-joyin ɗinsu, da tayarod, da shaf biyu, da kalifa da dis ɗinsu mai faɗin milimita 280, ko 288 a na ƙarshen shekarun. Ƙafar mai noti biyar ta ɗan fi faɗi, don haka shaf ɗinka na da ba zai zauna daidai ba. Ka sa sabon boris tun kayan suna ƙasa, da injin matsawa, ba da guduma ba. Kuma ka sani rim 13 da 14 sun tashi aiki, sai 15 zuwa sama, har da tayar safaya, wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya yi faci a hanyar Zariya. Notin tayar ma ya fi kauri, milimita 14 ne maimakon 12.

Baya kuwa, a nan ne hankali yake. Ka cire hular giris, ka zare filin da ke riƙe noti, dorom zai fito da boris ɗinsa. Bayansa akwai ɗan gajeren ƙarfen da taya ke juyawa a kai, noti huɗu ke riƙe shi a jikin gindin motar. Shi za ka canza da na dis, mai kunnuwa biyu inda mariƙin kalifa ke ɗauruwa. Goge tsatsar wurin sosai kafin ka ɗora, in ba haka ba taya za ta karkace ta riƙa cin gefe.

Dis ɗin baya faɗinsa milimita 226, kuma shi ne hob ɗin da kansa, boris biyu a cikinsa suke zama. Cika su da giris, ka ɗaure notin kana juya dis ɗin, sannan ka sassauta kaɗan har sai wosha ta iya motsawa idan ka tura ta da bakin sukudireba. Wanda ya ƙulle shi tam zai ƙone boris kafin ya kai Wudil. Af, wanda birkin kawai yake so, akwai wannan dis ɗin mai noti huɗu, sai ya bar gaba yadda yake, ya huta da rabin kashe kuɗin.

Fistin ɗin kalifar baya ba a danna shi kai tsaye kamar na gaba. Murɗa shi ake yi zuwa dama ana turawa, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Kalifar Beljiyam ta Golf 3 ta cika maƙalewa a wannan wurin, shi ya sa a nan kaɗai nake karya sharaɗina, na fi son ta Golf 4 ta alminiyom, tana hawa mariƙin nan lafiya lau, sai dai a canza mata tiyo. Tabbatar bakin fitar da iska yana kallon sama, in yana ƙasa to ka musanya hagu da dama. Wayar birkin hannu ma ta dis daban ce, ka saye ta tare.

Saura abin da yara a gareji suka fi rainawa: ɗan bawul ɗin nan mai sifirin da ke maƙale kusa da gindin baya. Shi ke auna nauyin kaya ya rage ƙarfin man birkin da ke zuwa baya idan motar ba komai. Kada ka yarda a cire shi a haɗa bututu kai tsaye. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da mota, in baya ya riga shi kamawa, musamman da damina, motar juyawa za ta yi da kai. Ɗauko na motar da aka yanka ka sa.

Zuba sabon man birki DOT 4, ka cire iska daga baya dama, baya hagu, gaba dama, sannan gaba hagu, wani yana riƙe da hannun bawul ɗin a buɗe lokacin da kake yin baya. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka ja na hannu ka daidaita wayarsa. Daga nan sai wurin alaimen, sannan ka sami fili marar mutane ka gwada taka birki da ƙarfi, motar ba kaya, ka sa wani ya tsaya gefe ya ga wace taya ce ta fara ja. Bayan tafiyar farko ka sake bin notin tayoyin, ka taɓa hular giris ka ji ko ta yi zafi.