Yadda ake buga gem ɗin tsoro na tsira da rai, da yadda za ka gane ko ya ci kuɗinsa

Yawancin samarin da ke cika shagunan gem na Gwallameji da Yelwa a nan Bauchi ƙwallo suka iya, sai kuma na harbe-harbe, inda harsashi yake kamar ruwan Gubi da damina. Shi ya sa duk wanda ya fara taɓa gem ɗin tsoro na tsira da rai yake kwasar kashinsa a hannu tun kafin a je ko'ina. Ƙanena ma haka ya yi. Na ba shi Resident Evil 2, wanda kamfanin Capcom ya sabunta a 2019, kafin in dawo daga sallar isha'i ya ƙarar da harsasansa kaf a kan gawa uku masu tafiya. Ya ce, "Yaya, wannan bindigar ta jabu ce." Bindiga lafiyarta lau. Shi ne ya shigo kasuwa da ƙaramin jari yana kashe kuɗi kamar ɗan gidan mai shago.

Capcom ɗin ne ya raɗa wa wannan nau'in suna "survival horror" a 1996, da Resident Evil na farko ya fito a PlayStation ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, duk da cewa Alone in the Dark na Faransa ya riga shi share hanya tun 1992. Tun daga lokacin dokar ba ta sauya ba: komai kaɗan ne. Harsashi kaɗan, magani kaɗan, haske kaɗan, aljihu ƙarami. Ga yadda ake tafiyar da shi.

Mataki na farko: ka gyara wurin kafin ka taɓa fad, wato abin sarrafa gem na hannu

Da dare ake bugawa, ko aƙalla a ɗaki mai labule. Idan ka kunna, yawancinsu za su nuna maka wani hoto su ce ka daidaita haske har sai da ƙyar kake ganinsa. Ka bi umarnin. Na san jarabar da ke zuwa, mutum ya ƙure hasken don ya ga kowane lungu, amma wanda ya yi haka ya zubar da rabin abin da ya biya. Duhun nan da gangan aka zuba shi.

Ka sa abin sauraro a kunne, ko da na waya ne mai araha. Ƙarar janaretan maƙwabci na iya haɗiye takun abin da ke bin ka. A Silent Hill na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1999, ƙaramar rediyo ce a jikinka take fara shashsheƙa idan dodo ya matso, tun ba ka gan shi ba, domin hazo ya rufe garin kamar safiyar Janairu a hanyar Ningi. Hazon ma dabara ce: na'urar lokacin ba ta iya zana abin da ke nesa ba, sai masu gem ɗin suka mai da gazawar ta zama abin tsoro.

Sai ka duba shekarun da aka rubuta a jikin kwalin. Mafi yawansu na 'yan shekara 17 ko 18 zuwa sama ne. Kar ka kunna a falo yara na zaune, ka bar Umma da aikin tofi cikin dare.

Mataki na biyu: ka san yadda yake ajiye wasa

A wajenmu wannan ya fi komai, saboda ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba. A Resident Evil na asali, sai ka je gaban tafireta da ƙyallen tawadarta kafin ka adana inda ka kai, kuma ƙyallen ƙidayayye ne. A Resident Evil 2 na 2019, matsakaicin matakin wahala yana adana maka da kansa, mafi tsanani ne kawai ke neman tawadar. In ba ka da inbata ko sola, ka zaɓi matsakaicin, babu abin kunya a ciki. Na taɓa asarar wasan awa biyu saboda rowar tawada, wuta ta tafi ina bakin ƙofar ɗakin ajiya. Ranar ban ci tuwon dare da daɗi ba. Kuma kar ka shiga sabon sashe alhali an kusa kiran salla, domin ba ko'ina ake samun wurin tsayawa ba.

Mataki na uku: ka riƙe jakarka kamar jarin ɗan tireda

Nan ne gem ɗin yake, sauran duk ado ne. A Resident Evil na 1996, cikin jarumai biyun da za ka zaɓa, Jill Valentine na da gurbi 8 na ɗaukar kaya, Chris Redfield 6 kacal. Bindiga gurbi ɗaya, harsasanta ɗaya, magani ɗaya, makulli ɗaya. Ka ga saura nawa? Kafin ka fita daga ɗakin da ke da akwatin ajiya, ka tsaya ka yi lissafi irin na mai shago a kasuwar Wunti da zai je sari: me zan ɗauka, me zan bari, ina zan sa abin da zan samo? Ka bar gurbi biyu babu komai. Ba abin da ya kai ka ga makullin da kake nema tun ɗazu amma babu inda za ka sa shi ciwo.

A Resident Evil, koren ganye yana warkarwa kaɗan. Ja shi kaɗai ba ya komai, amma in ka haɗa shi da koren sai ya cika maka lafiya. Saboda haka kar ka cinye koren da zarar an ɗan karce ka. Ka yi ɗingishi zuwa wani lokaci, ba a mutuwa da ɗingishi.

Harbi kuwa, ka tambayi kanka abu ɗaya: zan sake bi ta wannan lungun? In hanya ce da za ka yi ta zirga-zirga a cikinta, ka share ta. In sau ɗaya za ka wuce, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A Resident Evil 2 sabo, harbin gwiwa ya fi harbin kai riba sau da yawa, domin gawar da ta faɗi tana jan ciki ba ta iya cim maka. A Dead Space na 2008 ma gem ɗin da kansa yake koya maka ka datse hannuwa da ƙafafu. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Resident Evil na farko da aka sabunta a 2002: gawar da ka kashe ba ka fasa kanta ko ka ƙone ta da kananzir ba, bayan wani lokaci tana tashi da gudu da farata. Kananzir ɗin ma a ƙidaye yake. Kai ka ce a gidanmu aka rubuta shi.

Wasu kuma ba sa ba ka makami sam. A Amnesia: The Dark Descent na 2010 fitila ce da mai, a Outlast na 2013 kyamara ce mai gani a duhu da batir da ke ƙarewa. Granny da yara ke bugawa a waya ma kusan danginsu ce, ko da yake ana tsintar makami a cikinta, tsohuwa tana jin duk abin da ka yar a ƙasa, kuma kwana biyar gare ka ka fice. Lissafin ɗaya ne, sunan jarin ne ya sauya.

Mataki na huɗu gajere ne: taswira. Ka buɗe ta a kowane ɗaki. A Resident Evil 2 sabo, ɗakin da ya yi ja akwai sauran kaya a ciki, shuɗi kuwa ka gama da shi. Ka kuma karanta takardun da ka tsinta, lambobin akwatunan ƙarfe a ciki suke.

Mataki na biyar: yanke masa hukunci

Ka ajiye takarda da biro kusa. Bayan awa biyu, ka amsa wa kanka waɗannan.

Razana ya yi maka ko fargaba? Ba ɗaya ba ne. Razana ita ce kare ya fasa taga ya faɗo gabanka, kamar yadda ya faru a wani dogon lungu na gidan Resident Evil na farko. Ko yaro ya laɓe a bayan ƙofa zai iya razana ka. Fargaba kuwa ita ce bayan nan ba ka sake wuce wata taga da natsuwa ba. Gem ɗin da ke maka ihu a kunne kowane minti biyar, a karo na goma hamma za ka yi. Ni ma'aunina shi ne lokacin da babu abin da ke faruwa: in kana tafiya a lungu shiru amma tafin hannunka na zufa a kan fad, masu shi sun iya aikinsu. Ka ji takun ƙaton nan mai hula da dogon kwat a benen ofishin 'yan sanda na Resident Evil 2, wanda harbinka ke kiransa kuma ba ya mutuwa, ka gane abin da nake nufi.

Da ka mutu, laifin wa? In ka ce "kash, da na ajiye harsashi biyu," gem ɗin ya yi adalci. In kuwa kyamara ce ta juya maka baya ko maɓalli ya ƙi amsawa, laifinsa ne, ka rage masa maki. Sai dai a yi wa tsofaffin uzuri, taurin tafiyarsu da kyamarar da ke kafe a kusurwa suna cikin abin da ke hana ka ganin gabanka, kuma sai a Resident Evil 4 na 2005 aka dawo da ita bayan kafaɗa.

Ka duba jakarka a tsakiyar wasa. In ta cika da harsasai har kana zubarwa, tsoro ya mutu, ya koma na harbi da baƙin fenti. In kuma ka maƙale babu ko ɗaya kuma babu hanyar gudu, an zalunce ka. Mai kyau yana barin ka kullum da ɗan abin da zai kai ka ɗaki na gaba da ƙyar.

Labari da wasan ƙwaƙwalwa ba na tsananta musu. Wa zai kulle ofishin 'yan sanda da makulli mai siffar katin karta? An yafe, muddin ba za su sa ka zagaye gida sau bakwai a banza ba.

In a Steam ka saya, wato kasuwar gem ta intanet, ka sa ido a agogo: suna mai da kuɗi idan ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma ba a cika kwana 14 da sayen ba. In faifai ne daga hannun mai shago, ka ce, "Oga, bari in ɗana minti talatin tukuna." Yawanci ba sa hanawa, musamman da hantsi kafin 'yan ƙwallo su cika wurin. Ƙanena dai ya sake daga farko, yanzu yana cikin magudanar ruwan ƙarƙashin gari da harsashi goma sha ɗaya da koren ganye biyu, kuma ya hana kowa kashe fitilar tsakar gida.