Yadda ake ɗaukar tafsiri a raba shi a katin mimori ba tare da murya ta lalace ba

Ƙorafin da ya fi yawa a shagunan tura waƙoƙi da wa'azi, daga Garwa zuwa Marwa har Njamena, iri biyu ne: ko rediyo ta ƙi karanta kati, ko muryar malam ta fito kamar daga cikin rijiya. Sau da yawa ana ɗora wa rediyon laifi, alhali tun wurin ɗauka da juya fayil aka yi ɓarnar.

A fara da sanin fayilolin. WAV shi ne sauti yadda aka ɗauke shi, ba a rage komai ba. A ma'aunin faifan CD, wato 44.1 kHz da bit 16 a kunne biyu (sitiriyo), minti ɗaya yana cin kusan MB 10, awa ɗaya kuwa MB 635. FLAC yana matse wannan zuwa kusan rabi, kuma idan aka warware shi komai na nan. MP3 da AAC da Opus ba haka suke ba. Su tankaɗe suke yi: suna fitar da abin da kunne bai cika ji ba su zubar. Abin da ya tafi a tsaki kuwa ba ya komawa gari. Shi ya sa mai juya MP3 na 64 kbps (gudun fayil ke nan, wato yawan bayanan da ke cikin kowace daƙiƙa ta sauti) zuwa 320 bai ƙara masa komai ba sai nauyi, ya cika wa mutane kati a banza.

Don haka a ɗauka da WAV. A saitin manhajar ɗaukar murya a zaɓi 44.1 kHz, bit 16, kunne ɗaya, wato mono. Mutum ɗaya ne yake magana ta makirufo ɗaya, sitiriyo ba ya ƙara masa komai, ga shi yana ninka nauyi. A mono awa ɗaya ba ta wuce MB 318 ba. A guji nau'in fayil na AMR da ƙananan wayoyi ke amfani da shi. An yi shi ne don kiran waya, a 8 kHz yake, shi ya sa "s" da "sh" da "f" suke cakuɗewa. A karatun Alƙur'ani wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Wurin da aka ajiye waya ya fi nau'in fayil tasiri. Kada a jingina ta da lasifikar masallaci. A sa ta kamar taƙi ɗaya daga bakin malam, nesa da iskar fanka da ƙugin janareta, ko a ja kebul kai tsaye daga amfilifaya idan akwai mafita. A sa ido kan ma'aunin ƙarfin sauti: kololuwarsa ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Da zarar ya bugi 0, kan sautin ya guntule, sai a ji murya tana tsagewa. Mai jan baƙi yakan fi malam ɗaga murya, don haka da shi ake gwadawa. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya tsage kuwa gyaransa sai dai a rage zafi.

Wannan WAV ɗin shi ne uwa. A ajiye shi a kwamfuta, a yi gyara a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, sannan kowane kwafi a fitar da shi daga uwar, ba daga wani kwafi ba. Duk juyi daga MP3 zuwa MP3 sabon tankaɗe ne.

Ga magana zalla, MP3 mono na 64 kbps ya wadatar, kuma a zaɓi gudu tsayayye, CBR, saboda wasu ƙananan rediyoyi suna rikicewa wajen ƙirga lokaci da VBR, wato gudu mai sauyawa. Lissafin ba wuya: awa ɗaya tana cin kusan MB 29. Tafsirin awa ɗaya da rabi na dare 30 ya kama awa 45, wato GB 1.3, ya shiga katin GB 2 har da saura. Uwarsa kuwa ta haura GB 14. Waƙa mai kalangu ko algaita ta fi son fili, a ba ta 192 kbps sitiriyo. A 128 ma tana sauraruwa a ƙaramar lasifika, amma a abin kunne mai kyau za a ji saman kiɗan yana shuu.

Me ya sa MP3, alhali AAC da Opus sun fi shi daɗi a nauyi ɗaya? Saboda tsufansa. Tun 1993 yake, kusan babu na'urar da ba ta san shi ba. Saƙon murya na WhatsApp Opus ne, rediyoyin kati da yawa ko ganinsa ba sa yi, haka ma fayil mai ƙarshen suna .m4a. Canza ƙarshen sunan fayil zuwa .mp3 da hannu ba juyi ba ne, sai an bi ta manhaja. Idan za a aika wa wani ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, "document", fayil ya isa yadda yake. Kada a kunna a wata waya a sake ɗauka da wata.

Saura katin. Wanda ya wuce GB 32 yana zuwa da tsarin ajiye fayiloli na exFAT, yawancin rediyoyin kasuwa kuwa FAT32 suka iya, don haka GB 8 ko 16 ya fi kwanciyar hankali. A sa lamba a gaban suna, 01, 02 har 30, a guji haruffa masu lanƙwasa da wasulan Faransanci masu alama. Wasu rediyoyin suna bin jerin da aka kwafa fayiloli ne, ba na suna ba, sai a tura su bi da bi. Idan farkon kati yana yi amma fayilolin ƙarshe sun ƙi buɗewa, a zargi jabun kati, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Kafin a miƙa wa mai shi, a kunna dare na 1 da na 30 a irin rediyon da zai saurara da ita.