Yadda ake ba dabbar koala ruwa in zafi ya kore ta zuwa gida

'Yan uwa da ke karatu ko aiki a Ostareliya, wannan naku ne. Can lokacin zafinsu Disamba zuwa Fabrairu ne, lokacin da mu nan Sakkwato muke fama da hunturu. Ita koala wata dabbar can ce mai zama kan bishiya, ganyen bishiyar turare take ci kuma daga nan take samun yawancin ruwan jikinta, to in zafi ya wuce digiri 40 irin namu na watan Afrilu sai ganyen ya bushe ta sauko ta shigo harabar gidajen mutane a galabaice tana neman ruwa.

In ka ganta don Allah kar ka ɗura mata ruwa da gora, mutane na yi don ɗaukar bidiyo amma wallahi cutarwa ce, in ta ɗaga kai ruwan na iya shiga huhunta ya kashe ta. Samo faffaɗan kwano mara zurfi ka zuba ruwa ka aje gindin bishiya ka ja baya, ta sunkuya ta lasa da kanta. Ɗaure kare tukuna, kar kuma ka taɓa ta, faratanta kaifi gare su.

In ta kasa hawa bishiya kira masu ceton namun daji.