Darasi na 9: Gwajin allura ga mai ƙullutu a mama

Ba kowane ƙullutu a mama ne sankara ba. Cikin ƙullutu 10 da ake gwadawa, kusan 8 ba daji ba ne. Sai dai taɓawa da hannu ba ta rarrabe su, ko da hannun likita ne. Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya, kuma da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke isa asibiti. Don haka duk wadda ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga jini na fita daga kan mama, ta je a duba ta ko da ba ya mata ciwo.

A Jos, manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo suna da likitocin tiyata masu duba wannan. Abu uku ake haɗawa kafin a yanke hukunci: likita ya duba da hannu, a ɗauki hoton mama, sannan a ciri ɗan nama daga ƙullutun a gwada. Na ukun shi ne darasinmu. Likitoci suna kiransa bayofsi.

Yadda ake yi

Za ki kwanta, a wanke wurin, a yi miki allurar kashe zafi. Ba a sa mutum barci. Daga nan likita zai shigar da wata allura mai rami a ciki, mai kaurin kamar milimita 2. Idan ya danna ta za ki ji ƙara "ƙas!" Kada ki firgita, lokacin ne allurar ta yanko siririn nama. Yakan maimaita sau 3 zuwa 5. Sai a danne wurin, a sa filasta, yawanci ba ɗinki. Duka aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma a ranar za ki koma gida. Naman kuwa ana jefa shi cikin ƙaramar kwalba mai ruwan magani, a rubuta sunanki a jiki, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Ki karanta sunan da idonki. Ga amfanin karatun da muke koyo.

Gwajin yana faɗin gaskiya?

Kin san yadda mai sayen masara yake soka ƙarfe mai rami cikin buhu ya fito da 'yan ƙwayoyi ya duba. In ya soka inda ya dace, ya san abin da ke buhun. Haka allurar nan take. Idan likita yana kallon ƙullutun a na'urar sikanin lokacin da yake sokawa, cikin mata 100 masu sankara gwajin yakan gano fiye da 95. In da lalube kawai aka yi, adadin yana raguwa, musamman ga ƙaramin ƙullutu ko wanda ya yi zurfi. Kuma idan sakamako ya ce sankara ce, da wuya ƙwarai a ce kuskure ne.

Ragowar 'yan kaɗan ɗin nan su ne abin lura. Wani lokaci allura takan kauce, ta ɗebo lafiyayyen nama daga gefe. Shi ya sa likita yake gwama sakamakon da abin da hannunsa ya ji da abin da hoto ya nuna. In ba su yi daidai ba, zai ce a sake, ko a cire ƙullutun duka a gwada. Kada ranki ya ɓaci don an ce a sake. Kuma ko takarda ta ce ba komai, in ƙullutun ya ci gaba da girma, ki koma.

Akwai wata siririyar allura da ake zuƙo 'yan ƙwayoyi da ita. Tana da sauri, amma mai kaurin ta fi ta bayani, domin nama take kawowa. Daga naman ake gane irin sankarar da kuma maganin da zai karɓe ta, misali ko ƙwayar tamoxifen za ta yi aiki.

Ga hirar wasu 'yan'uwa biyu a Unguwar Rogo. A karanta da ƙarfi, mutum biyu biyu.

"Yaya, an ce daji ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi sai ya bazu."

"Haba ƙanwata, wa ya gaya miki? Zama da shi a gida ne ke ba shi damar bazuwa. Tashi ki sa hijabinki, ni zan raka ki."

Wannan magana ta daji da ƙarfe ta cuci mata da yawa, kuma abin yana ci mini rai. Allurar gwaji ba ta sa sankara ta yaɗu a jiki. Maigida ma ya ji wannan, tunda sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsa suke.

Kafin gwaji ki gaya wa likita in kina shan asfirin ko maganin tsinka jini. Bayan gwaji wurin zai ɗan yi tsami, fata ta yi duhu na 'yan kwanaki. Farasitamol ya isa. Ki huta da daka da ɗaukar ruwa kwana ɗaya ko biyu. In jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya kumbura da zazzaɓi ko mugunya, sai asibiti nan take.

Aiki

1. Wane abu uku likita yake haɗawa kafin ya yanke hukunci?
2. Cikin mata 100 an gano 96. Nawa suka rage?
3. Rubuta a littafinki: "Likita, wace rana zan dawo karɓar sakamako?"