Idan ka buge barewa da mota a Birtaniya

Duk mai tuƙi da daddare a kusa da dajin Epping, Ashdown ko New Forest, wata rana zai ga barewa a kan kwalta. Sun fi tsallaka titi daga magariba zuwa tsakar dare da kuma da asuba, musamman a watan Mayu da tsakanin Oktoba da Disamba. In ɗaya ta gifta, rage gudu, 'yan'uwanta na biye. Taka birki kana kan layinka. Kauce mata ne ke kai mota cikin bishiya.

In ka buge ta, tsaya inda babu haɗari, ka kunna sigina duka huɗu. Idan mutum ya ji rauni ko dabbar na kwance a kan titi, kira 999, lambar gaggawa; in tana gefe, kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba. Faɗi sunan hanya da mahaɗa mafi kusa, da ko tana iya ɗaga kai.

Mun san abin da zai zo maka a rai: a yanka ta da bisimilla kafin ta zama mushe. Niyya ce mai kyau, amma kada ka ciro wuƙa. Dokar barewa ta 1991 a Ingila da Wales ta yarda a kashe wadda ta jikkata don a hutar da ita, sai dai ba ta wanke ka daga dokar 1988 da ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar ƙaramar mai naɗewa da tsawon kaifinta bai wuce inci 3 ba. Barewa kuma ba tunkiyar gida ba ce. Wadda ƙugunta ya karye tana iya tsaga maka cinya da kofato, namijin muntjac kuwa, wani ƙaramin nau'in barewa, haure gare shi. Kusantarta na firgita ta, ta yunƙura da karyayyar ƙafa ta koma cikin motoci, ko ta shige daji ta kwana tana wahala. Wannan ne zaluncin da ake gudu.

Koma nesa, ka yi shiru, ka riƙe idonka a kanta. Kada ka ba ta ruwa ko ka ja ta. 'Yan sanda za su turo jami'insu ko maharbi mai lasisi. Maharbin yakan matsar da jama'a, ya zaɓi inda harsashi zai nutse a ƙasa mai laushi, don kwalta na mayar da shi, ya harbi ƙwaƙwalwa daga kusa, sannan ya taɓa idon: in bai ƙifta ba, rai ya fita.

Kada ka sa naman a but ɗin motarka. Ba naka ba ne, kuma in likitan dabbobi ya yi mata allurar kisa, guba ne ga mutum da kare. Ɗauki hoton motar, ka sanar da kamfanin inshora a ranar.