Yadda ake mayar da birkin gaban tsohuwar Land Cruiser daga tambur zuwa diski

Duk direban da ya taɓa ɗauko buhunan gero daga Tanut a tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ya san abin da ke faruwa idan ya shigo Damagaram da yamma. Amalanken jaki a gaba, ɗan kabu-kabu ya gitta, ka taka birki sai motar ta fizge ka hagu ko dama. Da damina ya fi muni: ka ratsa ruwa, tambur, wato gangar ƙarfen da takalman birki ke guga daga ciki, ya jiƙe, ka taka ka ji kamar ba ka taka komai ba. Tambur rufe yake, shi ya sa zafi ba ya fita, yashi da ruwa kuma idan sun shiga sai su zauna. Diski, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa, a fili yake, iska na dukansa, ruwa na tarwatsewa da juyawa biyu ko uku, kuma ba ya son a riƙa ɗaure shi kowane wata.

Motocin nan na jerin 40, wanda ƴar buɗaɗɗen bayan 45 ke cikinsa, Toyota ta ƙera su daga 1960 zuwa 1984, kuma da yawa daga waɗanda suka zo mana tambur ne gaba da baya. Sa'ar da muka yi ita ce kayan ƙafar gaban Land Cruiser 60, wadda ta fito a 1980, da na Hilux mai jan ƙafa huɗu ta farkon shekarun 1980 mai pon (ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu) ɗaya miƙaƙƙe, suna hawa kan pon ɗin 45 ba tare da walda ba. Na yi aikin a tawa motar, kuma ina so ka yi shi fiye da yadda na fara yinsa.

Abu na farko, sayen kaya. Nan ake cin riba, nan kuma ake faɗuwa. Nemi mota guda da ta mutu, ka kwashe ƙafafunta biyu na gaba ɗungurungum: gwiwar da ke juya taya, hannun sitiyari da ke bisanta, kardan wanda ke kai wa taya ƙarfin inji, bututun da cibiyar taya ke hawa, cibiyar kanta, diski, etiriye wanda ke matse diskin, har da ƙusoshi da wasoshi. Kada ka tsinto gwiwa a Zango, etiriye a Sabon Gari, diski a Kano. Dalili shi ne diskin 60 mai kauri ne, da ramukan iska a tsakiyarsa, na Hilux ɗin wancan zamani kuwa siriri ne marar rami, kuma kowane etiriye da kaurin diskin da aka yi shi dominsa. Idan ka samu zaɓi, ɗauki na 60. Da zafin watan Afrilu da Mayu, ga lodi, diski mai ramuka ya fi saurin hucewa.

Dubi gefen diskin, akwai lambar da aka buga ta mafi ƙarancin kauri. In ya ci ya wuce ta, bar wa mai shi. Plaket (takalman da ke guga diski), robobin cikin etiriye, tiyon birki mai lanƙwasa, ruleman (boris) da duk robobin tare mai, waɗannan sababbi za ka saya. Kafin ka biya kuɗi kuma, ɗauki jant ɗin motarka guda, wato ƙarfen da taya ke hawa, ka gwada a kan ƙafar da za ka saya. Wasu tsofaffin jant na zamanin tambur suna gugar etiriye ko da ramukan ƙusa shida sun yi daidai.

Sai kwancewa. Aje motar a ƙasa mai tauri, ba kan rairayi ba, ka datse tayoyin baya, ka ɗaga gaba ka ɗora pon a kan jakunan ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Kirik, abin ɗaga mota, shi kaɗai ba abin amincewa ba ne, kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashi alhali shi ne ke riƙe da mota. Tsiyaye man pon, cire taya, tambur, cibiya, farantin takalman birki, sannan bututun. Kardan ba ya fita sai ka juya shi ɓangarorinsa biyu masu lebur sun kalli sama da ƙasa, a nan ne zai zaro da sandarsa. Kada a shaƙi ƙurar tsohon tambur, kada kuma a hure ta da iskar kwampureso. A jiƙa ta a share.

Idan gwiwa ta fita, wanke ƙwallon bakin pon da gazuwal har ya yi ƙyalli, ka canza robar da ke hana man pon gangarowa cikin gwiwa. Ƴar ƙaramar roba ce mai araha, amma wanda ya bar tsohuwa zai sake kwance duk wannan aiki kafin kaka.

Yanzu ga wurin da ya kamata ka zauna kusa da maigidan gareji, ka ce masa: "Maigida, don Allah mu bi wannan a hankali." Gwiwa tana juyawa ne a kan ruleman biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ƙarƙashin kowane murfi akwai siraran ƙarafa da ake kira kal. Aikinsu biyu ne. Jimillar kaurinsu ita ke ƙayyade yadda ruleman zai matsu, rabonsu tsakanin sama da ƙasa kuma shi ke sa kardan ya zauna a tsakiyar robar mai. In ya karkata sama ko ƙasa, zai cinye robar, man pon ya gauraya da giris, ya malalo har kan diski. Don haka tun wajen saye ka ɗaure kal ɗin sama daban, na ƙasa daban, na hagu da na dama kowanne da ledarsa. Bayan an ɗaure gwiwa, kafin a sa robobin bayanta, a maƙala sikelin hannu irin na rataye a ramin hannun sitiyari a ja. Ya kamata gwiwar ta motsa tsakanin kilo 3 zuwa 6. In ta yi sako-sako a rage kal, in ta yi tauri a ƙara, kuma abin da aka yi wa sama a yi wa ƙasa. Gwada rotil, wato mahaɗin bakin sandar sitiyari, a sabon hannun ma: ya zauna cif. Idan yana rawa a ramin, nemi wanda ya dace, kada a cusa masa gwangwani.

Cika kardan da gwiwa da baƙin giris mai moli, ruleman cibiya kuma da nasa giris. Diski a bayan cibiya yake zama, ƙusoshin taya ne ke ratsa su biyun, saboda haka a goge fuskokinsu tas, don ƙwayar yashi ɗaya a tsakani tana sa diski ya riƙa rawa. Goron cibiya na kile mai lamba 54 ne. A bar sassaƙa shi da kurfi da guduma. A ɗaure, a juya cibiya, a sassauta, a sake ɗaurewa har ta juya ba girgiza ba tauri, sannan a lanƙwasa kunnen wasa a kan goron. Etiriye kuwa akwai na hagu akwai na dama, alamar ita ce ƴar ƙusar fitar da iska ta kasance a sama. In ta koma ƙasa, ko kwana za a yi ana pompa, iska ba za ta fita ba.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce aiki ya ƙare. Ni ma haka aka yi mini a wani gareji, na bar tsohon metir silindir na tambur, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda. Ban kai Mirya ba, ƙafafun gaba suka ɗau zafi har suna wari. Abin da ya faru shi ne a bakin metir silindir na tambur akwai ɗan bawul da ke riƙe sauran matsi a cikin bututu, don robobin tambur su zauna daram. Diski ba ya son wannan: matsin yana hana plaket sakin diski, sai su yi ta guga. Ko dai a cire bawul ɗin daga layin gaba a bar na baya, ko kuma, wanda na fi so, a ɗora metir silindir na motar da aka ciro kayan. Tankinsa ya ishi etiriye mai fistan huɗu, kuma layinsa biyu ne, gaba daban baya daban. Tsofaffin 45 na farko layi ɗaya ne, bututu guda ya fashe ka rasa birki gaba ɗaya. Diski kuma yana son ƙarfin ƙafa fiye da tambur, don haka a haɗa da tukunyar da ke taimakon birki da zuƙar iska. Injin esansi yana ba ta zuƙar daga bututun shaƙar iskarsa, na gazuwal sai da famfonta, wanda galibi ke bayan altanato. A bar ɗan wasa kaɗan tsakanin sandar tukunyar da fistan metir silindir, in ba haka ba birki zai riƙa kama kansa.

Saura baya. Mota mai buɗaɗɗen baya idan ba lodi ba ta da nauyi a can, tayoyin baya sukan riga na gaba kullewa, gindinta ya juyo. Bawul mai rage matsin layin baya shi ne maganin wannan, a sa shi. Sabon bututu ya zama na ƙarfe na birki, mai baki ninki biyu, kuma a gwada haƙoran goro da hannu kafin a sa kile. Juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka tabbata tiyo bai miƙe ba, bai kuma taɓa taya ba.

Man birki DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwani rufaffe. Idan sababbi ne, na farko ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na biyu ƙasa da 230, amma dukansu suna shan danshi, shi ya sa wanda ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba bai dace ba. Ɗaure takalman tambur na baya tukuna, sannan a fitar da iska, a fara da tayar da ta fi nisa da metir silindir. Mutum ɗaya na takawa ya riƙe, ɗaya na buɗewa ya rufe, kada tanki ya ƙafe.

Gwaji ba a cikin gari ba, ba kuma ranar Alhamis da hanyoyin Kasuwar Dole ke cike ba. Fita wani fili da sassafe, fara a hankali. Idan feda ta yi tauri kuma mota ba ta ja gefe, kai ta kilomita 60 a awa ka sauko zuwa 10, kamar sau takwas, ba tare da ka tsaya cak ba, don plaket su kwanta a kan diski. Sannan ka yi tafiya kaɗan ya huce. A kan laterit, taka da ƙarfi sau ɗaya ba lodi, wani na tsaye a gefe yana kallo: gaba ne ya kamata ya fara kullewa. Maimaita da lodi. Bayan mako guda ka koma gareji a ɗaga gaban, a girgiza kowace taya a ji ruleman, a sake bin goron hannun sitiyari da ƙusoshin etiriye da kile, a leƙa bayan gwiwa ko mai ya fara tsattsafowa.