Yadda za ku sa shafin labarinku ya yi magana

Marubuta 'yan uwana, musamman masu sakin labari feji-feji a WhatsApp da Wattpad, yadda kuka jera rubutu a shafi shi ma labari yake bayarwa, don tun kafin mai karatu ya karanta kalma ɗaya idonsa ya riga ya ga inda aka matse da inda aka sake.

Ku fara da fili. In an zo wurin da kuke so gaban mai karatu ya faɗi, misali likita ya fito daga ɗakin tiyata kowa ya miƙe tsaye, toh kar ku cusa amsarsa a tsakiyar dogon sakin layi, ku sauko ƙasa ku ba ta layinta ita kaɗai.

"Sai haƙuri."

Shi kenan, filin nan na sama da ƙasa ya isa, ba sai kun jera alamar motsin rai guda goma ba. Dabarar ma ba ta yau ba ce, a 1759 marubucin nan na Ingila Laurence Sterne, da wani ɗan cikin labarin mai suna Yorick ya mutu a littafinsa Tristram Shandy, shafi ya sa aka buga baƙi ƙirin babu ko harafi.

Sai karkataccen rubutu. Shi ya fi dacewa da zancen zuci, ko waiwayen abin da ya wuce, ko wasiƙa da saƙon waya. A WhatsApp ku sa alamar _ a farko da ƙarshen jimlar sai ta karkace, in kuma * kuka sa sai ta yi kauri. Amma fa ku ba shi aiki ɗaya ku tsaya a kai, in a babi na ɗaya karkace na nufin tunani a babi na biyar kuma ya koma mafarki, wallahi masu karatu za su rikice su yi ta tambaya wai ta faɗa masa ne ko a ranta ta yi maganar.

Manyan baƙaƙe kuwa ihu ne. In Hajiya ta daka tsawa sau ɗaya ta ce FITA, an ji a jiki, amma in duk maganarta haka take sai ta zama kamar lasifikar tasha, ba mai saurare. Ni dai a ganina sau biyu ko uku a littafi guda ya wadatar.

In za ku mayar da labarin PDF ko ku kai maɗaba'a, ku gwada font ɗin, wato samfurin haruffan, tukuna da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, don wasu sai su fito da ɗan akwati a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani font ɗin ya fito daban a tsakiyar kalma. Font ɗin Charis SIL da na Andika duk suna da su kuma kyauta ne. Daga nan ku tura wa kanku fejin ku buɗe a ƙaramar waya ku gani, don a nan yawancin mutane za su karanta.